Yaya ake raba kitsen jini kashi-kashi a labo, kuma wanne za mu iya a Maraɗi?

Wani ƙanena da ke koyon aikin labo a nan Maraɗi ya aiko mini da wannan tambaya: "Yaya, kawuna mai ciwon sukari ya yi bilan na kitse. A kowace lita, kolestarol gaba ɗaya giram 2.10, HDL 0.35, tirigilisarid 2.50, LDL 1.25. Na karanta cewa LDL ɗin ma iri-iri ne, akwai ƙanana masu nauyi da suka fi toshe jijiya. Ta yaya ake raba su a labo? Ko mu aika da jininsa wani wuri a duba?"

Ƙanena, Allah ya ba kawu lafiya. Tambayarka ta yi mini daɗi, domin yawancin masu koyo da zarar sun iya danna na'ura ta fitar da lamba, shi ke nan sun gama. Amsa a taƙaice ita ce kada ku kashe kuɗin aika jini neman ƙananan LDL, takardar da ke hannunka ta riga ta faɗi abin da za a gano. Amma ba na so ka karɓi wannan daga bakina kawai, gara ka ga dalili.

Kitse ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa ruwa ne. Saboda haka hanji da hanta suna ƙunshe kitsen cikin ƴan dunƙule, maiƙo a ciki, wato kolestarol da tirigilisarid, furotin a baya, su sake su cikin jini. Waɗannan dunƙulen su ne lipoprotin. Wani Bafaranshe, Michel Macheboeuf, ya fara ware irinsu daga jinin doki a cibiyar Pasteur ta Paris a 1929. Dunƙulen da maiƙonsa ya fi yawa ya fi girma, ya fi rashin nauyi. Wanda furotin ya fi yawa a jikinsa ƙarami ne, mai nauyi. Daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta, sunayensu kilomikoron, VLDL, IDL, LDL da HDL. LDL ne ke tara kolestarol a bangon jijiya, HDL kuwa kwashe shi yake ya mayar wa hanta. To, abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, kowace hanyar labo da abin da take kallo. Wata nauyi take kallo, wata girma, wata cajin lantarki, wata kuma sinadarin da ke manne wa furotin ɗin. Ka san mace idan ta shiƙa gero iska ce ke raba mata ƙaiƙayi da tsaba, idan ta tankaɗe gari rariya ce ke raba tsaki da laushi. Duka rabawa ce, amma abin da faifai ya ware ba shi rariya ta ware ba. Rikicin da ke cikin wannan fanni kusan duka daga nan ya taso.

Uwar hanyoyin ita ce ta nauyi, har sunayen ma daga gare ta aka samo su, domin harafin D da ke cikin LDL da HDL nauyi yake nufi. Na'urar ita ce ultarasantirifij, wadda Theodor Svedberg na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira, mutumin da ya samu kyautar Nobel a 1926. John Gofman ya yi amfani da ita a Berkeley ta Amurka wajen 1950, ya nuna cewa wasu rukunan lipoprotin sun fi tafiya da ciwon zuciya. A 1955 Havel da Eder da Bragdon suka tsara yadda ake yaye su rukuni bayan rukuni, har yau kuma a kan tsarinsu ake tafiya.

Ga yadda abin yake. Ruwa zalla nauyinsa giram 1 ne a kowane mililita, ruwan jini kuwa idan ka cire furotin 1.006 ne. Ka zuba pilasma, wato ruwan jini da aka cire wa ƙwayoyi, a tib, ka wulwula shi da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau dubu 100 da ɗoriya na kimanin awa 18, cikin sanyi. Duk abin da bai kai nauyin 1.006 ba zai taso sama, wato kilomikoron da VLDL. Ka yanke saman ka ajiye. Sai ka ƙara gishirin potasiyam boromid a sauran har nauyin ruwan ya kai 1.019, ka sake wulwulawa, IDL ya taso. Ka ƙara gishiri zuwa 1.063, LDL ya taso, da ɗan launinsa ruwan ɗorawa saboda karotin da yake ɗauke da shi. Ka kai 1.21, HDL ya taso. In kana son raba HDL gida biyu sai ka tsaya a 1.125, na sama shi ne HDL2, na ƙasa HDL3. Aikin kwana da kwanaki ne a kan jinin mutum ƙalilan, bayan haka kuma sai an wanke gishirin kafin a yi wasu gwaje-gwajen. Gishirin da ƙarfin juyin ma suna ɓamɓare wasu furotin daga jikin HDL, ka ga ke nan abin da ka samu a ƙarshe ba daidai yake da wanda ke yawo a jijiya ba. Akwai gajeriyar hanya, inda ake jera ruwan gishiri hawa-hawa a tib ɗaya, mai nauyi a ƙasa, a wulwula sau ɗaya, kowane rukuni ya tsaya a inda nauyinsa ya yi daidai da na ruwan. Da ita ake iya ganin LDL ya kasu zuwa masu sauƙi da masu nauyi.

Wannan na'ura ba ta labon asibiti ba ce, ko a Turai ma ta masu bincike ce. Tana son wuta wadda ba ta ƙiftawa dare da rana, da ɗaki mai sanyi. Ka tuna da watan Afrilu a garin nan, zafi ya haura 40, kuran na zuwa yana tafiya. Duk da haka ka san da ita, domin hanyar da ake auna gaskiyar sauran hanyoyin LDL da ita, wadda ake kira beta-kantifikasiyo, da ita take farawa: a yaye VLDL a 1.006, a zaunar da LDL da sinadari, a yi ragi.

Ta biyu ita ce elektoroforez. A ɗiga seram, wato ruwan da ke rabuwa bayan jini ya yi guda, a kan shimfiɗar jel na agaroz da aka jiƙa da ruwa mai pH 8.6, a sa wuta, dunƙulen su kama tafiya zuwa ɓangaren fozitif, kowa da saurinsa. Daga baya a rina da Sudan baƙi ko wani jan rini mai kama maiƙo. HDL ne ke yin nisa, shi ake kira alfa. VLDL na biye, firi-beta. LDL a baya, beta. Kilomikoron ba ya motsawa daga inda aka ɗiga shi. A kan irin wannan hoto, a takarda suka yi nasu, Fredrickson da Levy da Lees suka kasa cututtukan kitsen jini gida biyar a 1967. Ba a dogara da ita wajen fitar da lamba, amma tana da rana ɗaya da ba a raina ta: akwai cutar gado da ake kira nau'i na uku, inda beta da firi-beta ke haɗewa su zama faffaɗan zane guda. Mai wannan cuta kolestarol da tirigilisarid ɗinsa kan hau tare, wani lokaci ka ga rawaya-rawaya a layukan tafin hannunsa, lissafin LDL da muke yi kullum kuma ba ya aiki a kansa.

Yanzu ga wadda ta haifi maganar da ka karanta. A 1982 Ronald Krauss da abokin aikinsa Burke suka yi amfani da jel na poliyakirilamid wanda ƙofofinsa ke ƙara tsukewa daga sama zuwa ƙasa, kamar ka jera rariya mai manyan ido a sama, mai ƙanana a ƙasa. Kowane dunƙule zai yi ta gangarawa har ya iso inda ba zai iya wucewa ba. Da haka suka ga LDL ba girma ɗaya ba ne. A 1988 Melissa Austin da Krauss suka raba mutane gida biyu: tsarin A, masu yawancin LDL manya, da tsarin B, masu yawancin LDL ƙanana, iyakar kuwa nanomita 25.5. Masu tsarin B sun fi kamuwa da bugun zuciya. Dalilan da ake bayarwa masu ma'ana ne: ƙaramin ya fi saurin kutsawa bangon jijiya, ya fi maƙalewa a can, ya fi saurin lalacewa da iskar oksijin, hanta kuma ba ta saurin kwashe shi, sai ya daɗe yana yawo. Akwai kit na kasuwa mai suna Lipoprint da ke wannan aiki a ƴan tib na jel, yana kasa LDL har gida bakwai.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Akwai kolon na jel da ake zuba seram ya gangara, inda manya ke riga fitowa domin ƙanana na tsayawa shiga ramukan jel ɗin. Akwai NMR, aikin James Otvos, wadda ba ta raba komai da hannu, tana sauraren amon da maiƙon kowane girma ke bayarwa a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, kwamfuta ta warware amon ta fitar da adadin dunƙule. Akwai wadda ke fesa dunƙulen cikin iska ta ƙirga su gwargwadon girma. Akwai kuma reaktif na kamfanin Denka na Japan da ke auna kolestarol na ƙananan LDL kai tsaye a kan otomat, wato na'urar labo mai yin gwaji da kanta.

To ina matsalar? Ba su yarda da juna ba. LDL ɗin da jel ya ce nanomita 25.5 ne iyakarsa, a ma'aunin NMR iyakar tana wajen 20.5. A 2006 an raba jinin mutum 40 ga hanyoyi huɗu daban-daban, aka tarar kashi 8 cikin 100 ne kawai duka huɗun suka yi ittifaƙi a kan tsarinsu. Ka duba wannan da kyau. Kawu zai iya zama A a wannan labo, B a wancan, jini ɗaya, rana ɗaya. Babu ma'auni guda da aka tsayar wa kowa, babu kuma maganin da likita zai canja don takarda ta ce B. Wannan ne ya sa nake ganin wurin waɗannan gwaje-gwaje shi ne ɗakin bincike, irin aikin da nake fatan wata rana ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su yi a kan jinin mutanenmu.

Dawo kan takardar kawu. Ƙananan LDL ba daga sama suke faɗowa ba. Idan tirigilisarid ya yi yawa, wani furotin mai suna CETP yana musaya: ya kwashi kolestarol daga LDL da HDL ya kai wa VLDL, ya dawo musu da tirigilisarid. Lipaz na hanta, anzim mai narka maiƙo, ya zo ya lashe wannan tirigilisarid, dunƙulen ya motse. HDL da ya motse jiki na saurin zubar da shi, shi ya sa yake raguwa. Saboda haka duk inda ka ga tirigilisarid sama da giram 1.5, HDL ƙasa da 0.40, ga sukari, ga tumbi, kusan ka san LDL ɗin mutumin ƙanana ne. Kawu yana da 2.50 da 0.35. Ka riga ka samu amsarka.

Abin da ya fi girman dunƙule muhimmanci shi ne yawansu. Tiya ɗaya ta wake da tiya ɗaya ta gero awo ɗaya ne, amma ƙwayoyin ba ɗaya ba. LDL 1.25 awon tiya ne, kolestarol ɗin da ke ciki ya faɗa maka, bai faɗa maka ƙwaya nawa suka ɗauko shi ba. Mai ƙananan LDL gero ne a tiyarsa. Sa'ar da muka yi ita ce kowane dunƙule mai cutarwa, VLDL ne, IDL ne, LDL ne ko Lp(a) da zan yi bayaninsa a ƙarshe, furotin apoB guda ɗaya tak yake ɗauke da shi. Ka auna apoB, ka ƙirga ƙwayoyin. Gwajin kuma ba ya son wata na'ura ta musamman: reaktif mai antikor ne, wato sinadarin da ke manne wa furotin iri ɗaya kawai, yana haɗuwa da apoB ruwan ya yi gurɓi, na'ura ta auna gurɓin. Ba ya buƙatar azumi. Idan har za ku kashe kuɗi a kan ƙarin gwaji, wannan ne. In babu shi, akwai na kyauta: ka cire HDL daga jimla. Na kawu 2.10 a cire 0.35, saura 1.75. Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2019 tana son mai sukari, ko da haɗarinsa matsakaici ne, wannan lamba ta kasance ƙasa da 1.30, LDL kuma ƙasa da 1.00, in haɗarin ya fi haka a ƙara saukowa. Ka ga 1.25 ɗin ma ba abin kwantar da hankali ba ne a wurinsa. Ku koma wa likitansa da takardar, shi zai duba shekarunsa, hawan jini da ƙoda, ya yanke maganar magani.

Yanzu bari in zo kan aikinka kai kanka, domin nan ne zuciyata take. Mu ma a Maraɗi kullum raba lipoprotin muke yi, sai dai ba mu kiran abin da wannan suna. Duk ranar da ka auna HDL da hanyar zaunarwa, rabawa ka yi. Burstein da abokansa suka daidaita ta a 1970. Kana zuba reaktif, galibi asid fosfotungistik da magniziyam, ya kama duk mai apoB ya dunƙule su. Ka jira minti goma, ka wulwula a santirifij ɗinmu na kullum, farin gari ya kwanta a gindin tib, ruwan sama ya rage da HDL kaɗai. Ka ɗebi ruwan saman ka zuba a reaktif na kolestarol, ya yi ja-ja, ka karanta a wajen nanomita 500. Reaktif na zamani da suka fito daga Japan a tsakiyar shekarun 1990 suna yin wannan a tib ɗaya ba wulwulawa, suna rufe sauran dunƙulen su bar HDL ga anzim. Suna da sauƙi, amma su ma suna kuskure a jinin mai ciwon hanta ko ƙoda, ko mai kitse sosai.

Ka riƙa ɗaga tib ɗin zuwa haske kafin ka sa pipet. Ruwan sama dole ya zama garau. Na taɓa karɓar sakamako a wani labo da na yi aiki, HDL ya kusa giram 1 a jinin wani ɗan kasuwa mai ƙiba da sukari, har an fara yi masa barka. Na nemi tib ɗin, na ga ruwan saman fari-fari kamar an ɗiga madara. Tirigilisarid ɗinsa ya yi yawa har dunƙulen suka ƙi nutsewa, maiƙo ya riƙe su a sama, aka auna su a matsayin HDL. Muka tsarma seram ɗin da ruwan gishiri na kashi 0.9, awo da awo, muka sake zaunarwa, muka ninka sakamakon biyu. HDL ɗinsa na gaskiya ƙasa yake ƙwarai. Da ya tafi gida da takardar farko, da ya tafi da tabbacin lafiyar da ba shi da ita. Abin ya daɗe yana damuna.

LDL kuwa yawancin lokaci ba auna shi muke ba, lissafi ne na Friedewald na 1972: jimla, a cire HDL, a cire tirigilisarid da aka raba biyar, idan da giram ake aiki. Da milimol kuwa 2.2 ake rabawa, kada ka haɗa su. Na kawu: 2.50 raba biyar 0.50 ne, 2.10 a cire 0.35 a cire 0.50, saura 1.25. Ka ga lambar da ke takardarsa daga nan ta fito. Wannan 0.50 ƙiyasi ne na kolestarol ɗin VLDL, kuma yayin da tirigilisarid ke hawa, lissafin na rage wa LDL. Idan ya kai giram 4, ka ajiye alƙalami, ka rubuta cewa ba a lissafa ba. Akwai sababbin lissafi da suka fi shi, na Martin da Hopkins na 2013, da na Sampson na 2020 wanda ke aiki har tirigilisarid giram 8. Ba su cin ko dala, a kwamfuta kawai ake saka su.

Akwai kuma gwajin da firigo kawai yake so. Seram ya zo maka fari, ka tsayar da tib ɗin a sanyin digiri 4 ya kwana. Da safe in ka ga maiƙo ya taru a sama kamar na madarar da ta kwana a ƙwarya, ƙasa kuma garau, kilomikoron ne. In duka ruwan ya tsaya a gurɓace ba komai a sama, VLDL ne. In ga maiƙo a sama ga gurɓi a ƙasa, duka biyun ne. Ka fara tambaya ko mutumin ya sha fura da nono ko ya ci ƙosai kafin ya zo. In da gaske awa 12 ya yi bai ci ba, ka sanar da likita a ranar, domin tirigilisarid da ya kai wajen giram 10 yana iya kumbura pankiriyas, gaɓar da ke fitar da insulin.

Ka lura da lokacin ɗaukar jini. Zazzaɓin cizon sauro yana faɗar da kolestarol da HDL, ya ɗaga tirigilisarid, don haka bilan da aka yi wa mai zazzaɓi a damina ba hotonsa na gaskiya ba ne, a bari ya warke da ƴan makonni. Mai juna biyu kitsenta na hawa. Masu amosanin jini kolestarol ɗinsu kan zama ƙasa. Shawara mai ƙarfi da bitamin C mai yawa suna rage launin reaktif, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. Kada igiyar ɗaure hannu ta wuce minti ɗaya. Reaktif ɗin da ya kwana a firigon da wuta ta ɗauke, ka gwada shi da seram na kontorol kafin ka taɓa jinin kowa. Idan kuma wata rana za a aika jini nesa don raba lipoprotin, a tib mai EDTA, sinadarin da ke hana jini yin guda, ake ɗauka, a raba pilasma da wuri, a tafi da shi cikin sanyi ba tare da ya daskare ba, domin ƙanƙara na farfasa VLDL da kilomikoron.

Rukuni ɗaya ne zan ce a nema da sunansa, Lp(a), wanda Kåre Berg na ƙasar Norwe ya gano a 1963. LDL ne da aka ɗaura wa ƙarin furotin, nauyinsa ya faɗa tsakanin LDL da HDL, kolestarol ɗinsa kuma yana ɓuya a cikin lambar LDL da muke lissafawa. Gado ne, abinci da motsa jiki ba su cika taɓa shi ba, kuma a jinin baƙar fata ya fi yawa fiye da na Turawa. Sau ɗaya a rayuwa ya isa a auna shi, da antikor kamar apoB, sama da miligiram 50 a desilita ana ɗaukarsa da yawa. Ka tambayi kawu ko a gidanku akwai wanda zuciya ta buga ko ɓarin jiki ya kama tun bai tsufa ba. In akwai, ku sa Lp(a) a takardar tare da apoB, ku kai wa likitan.